Maigidana ya bar giya, amma gidan ya ƙara zafi

Assalamu alaikum Anti. Shekararmu 14 da aure, 'ya'yanmu huɗu. Maigidana ya daɗe yana shan giya a ɓoye. Na gane tun ina goyon fari, amma ko mahaifiyata ban taɓa faɗa wa ba. Sau biyu yana bari a watan azumi, ya koma bayan sallah. Da mahaifinsa ya rasu, ranar sadakar uku ya rantse ya bar ta har abada, kuma yau sati bakwai ke nan bai sha ba, ni shaida ce. Kwanakin farko ya yi ta karkarwa da gumi, wani dare ma ya ce yana ganin ƙadangaru na yawo a bango. A nan asiri ya tonu, Hajiyarsa ta sani, ta kawo malami aka yi masa ruƙiyya. Wannan ya wuce. Amma yanzu ba ya barci. Ƙarfe uku na dare zai farka ƙirjinsa na bugawa, abu kaɗan sai faɗa. Jiya autanmu ya zubar da shayi a tabarma, tsawar da ya daka masa sai da yaron ya saki fitsari a wando. Wuni yake yi yana cin goro da shan lemon ƙara kuzari, kuma na ga wasu ƙwayoyi da ya sayo a kemis don barci. Hajiya ta ce aljanin ne bai gama fita ba, a kai shi gidan da ake tsare masu shaye-shaye. Anti, Allah ya yafe min, akwai daren da na ce a raina gara lokacin da yake sha. Wannan ne ainihin halinsa da giya ta ɓoye min? Yaushe zai dawo daidai?

Maman yara, Kaduna

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan surukinki, ya kai haske kabarinsa.

Zan fara da maganar da kika tura can ƙarshen wasiƙa saboda kunya. A shekarun da na yi ina aikin jinya a ɗakin masu larurar ƙwaƙwalwa, na sha jin ta daga bakin mata, yawanci a baranda, murya ƙasa-ƙasa, bayan sun waiga sun tabbatar babu dangin miji a kusa: "Sista, wallahi da yana sha ya fi daɗin zama." Babu wadda ta faɗi haka don tana son giya. Barci suke kewa, da gidan da yaro zai zubar da shayi a goge a wuce. Ki yi istigfari idan hakan zai sanyaya miki rai, amma ki daina ɗaukar kanki mai laifi.

Ba kuma wannan ne ainihin halinsa ba. Mutumin da kike gani a sati na bakwai yana tsakiyar jinya ne, ko da yake yana tafiya da ƙafarsa yana zuwa aiki. Bari in yi miki bayanin abin da ke faruwa a cikin jikinsa, domin duk shawarar da zan ba ki daga nan za ta fito.

Ki tuna daren da kika taɓa jin an yi ihun ɓarawo a layinku. Kafin ki gama gane abin da ake ciki, zuciyarki ta fara dukan uku-uku, bakinki ya bushe, barci ya tsere, har kin ɗauki goyo kin tsaya bayan ƙofa. Wannan aikin wasu sinadarai ne da jiki ke zubawa cikin jini idan ya ga haɗari. Ni sinadaran ko-ta-kwana nake ce musu. Na gaggawa shi ne adirinalin. Akwai kuma wanda ya fi shi jinkiri amma ya fi daɗewa, wato kotizol, kuma shi saƙonsa hannu zuwa hannu yake bi. Wani wuri a gindin ƙwaƙwalwa ne ke fara aikawa, ya taɓa wani ɗan ƙulli da bai wuce ƙwayar wake ba a ƙarƙashinsa, shi kuma ya tura nasa saƙon ta jini zuwa wasu 'yan ƙulli biyu da ke zaune a kan ƙoda kamar hula. Su ne ke fitar da kotizol. Aikinsa ya ɗaga sukari a jini, ya ɗaga hawan jini, ya riƙe mutum a farke. Ba mugun abu ba ne, idan babu shi ma ba za a rayu ba. Yana da agogonsa: wajen tsakar dare yake sauka ƙasa sosai, ya fara hawa kafin asuba, ya kai ƙololuwa kamar rabin awa bayan mutum ya farka, daga nan ya riƙa raguwa har dare. Kuma idan ya isa, shi da kansa yake komawa ƙwaƙwalwa ya ce a tsaya haka, kamar ƙwallon nan na cikin tankin ruwa da ke toshe bututu idan tanki ya cika.

To, giya fuska biyu gare ta. A ƙwaƙwalwa tana danne birki tana sassauta totur, shi ya sa mai sha yake jin nauyin duniya ya sauka daga kansa. Amma a daidai lokacin tana tsokanar wancan tsari na ko-ta-kwana, kotizol ya hau. Mutum yana jin ya huta, jikinsa kuwa yana bakin aiki kamar an yi ihun ɓarawo. A yi haka dare ɗaya, jiki ya gyara kansa. A yi shekara goma sha wani abu, sai ƙwallon tankin ya lalace, agogon ya rikice. Akwai ma masu shan da likita zai gani da kumburarriyar fuska, ga tumbi, ga siraran hannuwa da ƙafafu, ga hawan jini da sukari, ya yi zaton ciwon yawan kotizol ne irin wanda ƙari ke kawowa. Su bar giya 'yan makonni, alamun su fara bajewa.

Ita kuma ƙwaƙwalwa ba ta zama ta zuba ido. Ganin kullum ana danne mata birki, sai ta ƙara murɗa totur don a ci gaba da tafiya. Ki ɗauka ɗan acaɓa ne ya shekara yana tafiya ƙafarsa a kan birki, hannunsa ya murɗe totur har ƙarshe. Ranar sadakar uku maigidanki ya ɗauke ƙafa daga birki lokaci guda, totur kuwa yana nan a murɗe.

Abin da kika gani a kwanakin farko ke nan, kuma a nan sai na ɗan tsawata, ba ke kaɗai ba, har da duk mai karanta wannan shafi. Karkarwa da gumi da tashin zuciya sukan fara ne daga awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe. Cikin kwana biyun farko mutum na iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, ko da bai taɓa yi ba. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu ne ake tsoron mafi muni: ruɗewa, sambatu, zazzaɓi, zuciya na gudu, da gane-ganen ƙwari ko ƙananan dabbobi a bango da jikin tufafi. Ƙadangarun da ya gani daga nan suka fito. Wannan mataki yana kisa idan ba a kula ba. A asibiti akan kwantar da mutum, a ba shi magani mai kwantar da jijiya a riƙa ragewa a hankali cikin 'yan kwanaki, a yi masa allurar bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, a lura da ruwan jikinsa. Ku kun haye wannan rafi a ɗaka, da tofi da addu'a, Allah ya tsare. Kada a sake gwadawa. Kuma ki riƙe wannan: duk lokacin da mai sha ya yanke farat ɗaya ya koma, ya sake yankewa, na gaba yakan fi na baya tsanani. Azumi biyun nan da ya bari suna cikin lissafi. Wannan karo na uku ne, shi ya sa har ya kai ga gane-gane.

Yanzu sati na bakwai, wanda shi ne ya dame ki. Ambaliyar kotizol ta kwanakin farko ta janye, amma tsarin bai koma saiti ba, kuma rikicin nasa ta fuska biyu ne. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke gadin tsoro da fushi. A wanda ya daɗe yana sha, mai gadin nan ya zama kamar ɗan sintirin da ya kwana uku bai runtsa ba: kyanwa ta gifta, ya busa usur. Shayi ya zube a tabarma, jikinsa ya karɓa kamar an haura katanga. A ɗaya ɓangaren kuma, idan matsi na gaske ya zo, 'yan ƙullin kan ƙodar ba sa amsawa yadda ya kamata. An gwada masu jinya wata guda bayan sun bar sha an ga martaninsu ya yi sanyi. Ga gigita a kan ƙaramin abu, ga rashin ƙarfin ɗaukar babba. Ki ƙara da cewa ɓangaren jin daɗi ya dushe: abinci ba ɗanɗano, hira ba armashi, wasan yara ya zama hayaniya.

Wani masani a Amurka, George Koob, wanda ya zama shugaban hukumar binciken matsalar giya ta ƙasar a 2014, ya shafe shekaru yana nazarin wannan ɓangare. Abin da ya nuna shi ne mutum yakan fara sha don neman daɗi, amma idan tafiya ta yi nisa sai ya zamo yana sha ne don ya tsere wa ƙuncin da rashin shan ke jefa shi. Wata malama kuma a Jami'ar Yale, Rajita Sinha, ita da abokan aikinta sun ɗauki masu jinyar da suka yi kusan wata ba su sha ba, suka sa kowa ya saurari labarin wani tashin hankali da ya taɓa shiga da kansa, suna auna ƙawar giya, wato marmarin shanta, da sinadaran jininsa, sannan suka bi su tsawon kwana 90 bayan sallama. A rahoton da suka fitar a 2011, waɗanda ƙawarsu ta fi tashi da jin labarin, da waɗanda tsarin kotizol ɗinsu ya fi rikicewa, su suka fi saurin komawa. Dalilin da ya sa na kawo miki wannan: fushin nan da rashin barcin nan ba ƙananan abubuwa ba ne da za a ce a yi ta haƙuri har su wuce. Ta wannan ƙofa giya take dawowa. Kuma kada mu manta mutumin nan sati bakwai da binne mahaifinsa. Zafin mutuwa kaɗai ya isa ya hana lafiyayye barci, shi kuwa abin da ya saba rufe baƙin ciki da shi ne ya ajiye a ranar da ya fi bukatarsa.

(Ɗan ratse, tunda na san wasu za su ruga waya: magungunan da aka ƙera don toshe wancan saƙo na ko-ta-kwana sun yi aiki a kan ɓerayen gwaji, amma da aka gwada su a kan mutane ba su rage ƙawar giya ba. Idan manyan ɗakunan bincike sun gaza, mai tallan garin "rage kotizol" a TikTok bai fi su ba. Haka kuma ba sai kin kashe kuɗi a gwajin kotizol ba. Abu ne mai hawa da sauka cikin yini, awo ɗaya ba zai gaya miki komai ba, sai idan likita ne ya nema don wani dalili.)

Farkawar ƙarfe uku tana da nata bayani. Giya tana saurin sa barci, amma tana danne barcin mafarki a farkon dare, ta wargaza na ƙarshen dare. Bayan an bar ta, ƙwaƙwalwa sai ta koyi barci daga farko, ga mafarkai masu nauyi, wasu ma su yi mafarkin suna sha su farka a firgice. Shi kuma yana ƙara wa wuta fetur bai sani ba. Goro, shayi mai kauri, kofi da lemon ƙara kuzari duk suna ɗauke da kafeyin, shi kuwa kafeyin yana ɗaga kotizol da adirinalin, kuma bayan kamar awa biyar rabinsa yana nan cikin jini. Goron la'asar yana tare da shi a kan gado. Ba na cewa a ƙwace masa komai rana ɗaya, mutum ne da ya ajiye babban abu, kuma yanke kafeyin farat ɗaya ciwon kai yake kawowa. Lemon gwangwanin dai ya tafi. Goro da shayi su tsaya daga safe zuwa azahar. Kada ya zauna da yunwa, domin sukari na sauka jiki zai busa usur. Lokacin da ya saba fita shan, wanda ga yawancinsu tsakanin magariba da isha ne, ya same shi da abinci mai zafi a ciki da wani abin yi. Bayan sallar asuba kada ya koma gado yana juyi, ya taka ƙafa na rabin awa har rana ta fito ta taɓa shi. Hasken safiya da tashi a lokaci ɗaya kullum su suke gyara agogon nan fiye da duk abin da za ki saya.

Ƙwayoyin kemis sun fi goro tayar min da hankali. Idan diyazefam ne, wanda matasa ke kira D5, ko danginsa, to birkin da giya ke dannewa shi suke dannewa. Sati ɗaya a hannun likita magani ne; wata biyu a aljihu sabon kamu ne, an gudu ba a tsira ba. Kada ki zubar da su a masai cikin fushi, domin idan ya yi makonni yana sha kullum, yanke su farat ɗaya ma yana iya kawo jijjiga. Ki ɗauki kwalin, ku tafi da shi wurin likita.

Kuma zuwa asibitin nan ba na "in an samu dama" ba ne, cikin satin nan nake so. Kuna Kaduna, ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, suna duba masu matsalar shaye-shaye. Masu karatu na wasu wurare, akwai irinsa a Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Shika, na Malam Aminu Kano da na Jos. Na san abin da zai ce: "Ni mahaukaci ne?" Ki ce masa barci za a je nema, kuma gaskiya kika faɗa. Da yawa ana duba su ne su koma gida a ranar. A can kuwa ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi: shekara nawa yana sha, kwalba ko leda nawa a dare, ƙadangarun bango, azumi biyun nan, ƙwayar kemis, duk a faɗa. A auna hawan jini da sukari, a duba hanta. Akwai magungunan da ke rage ƙawar giya, irin su naltirekzon da akamfuroset, likita ne zai ga wanda ya dace da hantarsa da ƙodarsa. Idan yana taɓa tiramol ko kodin ko da jefi-jefi ne, lallai ya faɗa, domin naltirekzon ba ya haɗuwa da su. Akwai kuma wani da ke sa mutum amai da bugun zuciya idan ya kurɓi giya. Na taɓa ganin matar da ta samo shi ta riƙa barbaɗa wa miji a miya bai sani ba, a sume aka kawo mana shi. Kada wata ta ba ki wannan dabara.

Akwai tambayar da nake so ki yi masa da bakinki, a lokacin da ya natsu: "Baban yara, kana jin kamar ka gaji da rayuwa? Ka taɓa tunanin cutar da kanka?" Mata suna tsoron tambayar nan, suna ganin kamar za su sa masa ra'ayin. Ba ta sawa. Baƙin ciki mai nauyi yana yawan zuwa a wannan gaɓa, wani yakan wuce da kansa bayan 'yan makonni, wani sai da magani. Idan ya ce e, ko ya yi shiru mai tsawo, ba a jiran ranar asibiti, a ranar ake tafiya, kuma a kwashe maganin ƙwari da fiya-fiya daga gidan.

Sai Hajiya. Uwa ce da ta rasa miji, ta kuma gano a sati guda cewa ɗanta ya yi shekaru yana abin da ba ta taɓa zato ba. Cewa aljani ne ya fi mata sauƙin haɗiya. Ba na hana karatun Alƙur'ani da addu'a, a ci gaba, mutumin da ke tashi ƙarfe uku ma gara ya yi alwala ya yi nafila da ya kwanta yana kallon silin. Amma gidan mari, a'a. A watan Satumban 2019 a nan Rigasa 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga irin wannan gida, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Ki auna da abin da na gaya miki: mutumin da ciwonsa shi ne jiki ya kasa sauka daga ko-ta-kwana, a ɗaure shi a riƙa duka? Zai fito ba giya a cikinsa, tsoro da ƙunci kuwa sun ninka, su ne kuma masu mayar da shi. Sai dai ba ke za ki ja da Hajiya ba, suruka ba ta cin wannan gardama. Ki nemi yayansa ko kawunsa da take jin maganarsa, ki karanta masa wannan amsa, shi ya je mata. Idan da hali a tafi da ita asibitin ta ji daga bakin likita. Malamin da ya yi ruƙiyyar ma ya san hadisin nan na Bukhari, na sahabin da ake yi wa laƙabi da Himar, wanda aka sha kawo shi saboda shan giya. Da wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ɗanta ya riga ya tuba da kansa, ba wanda ya kama shi. Gori da tonon baya ba abin da za su ƙara masa.

Duk wannan bayani bai wanke tsawar da aka daka wa auta ba. Ciwo dalili ne, amma yaron da ya saki fitsari don tsoron ubansa bai san kotizol ba. Kada ki tare maigidan a lokacin da abin ya motsa, a lokacin kunnensa a toshe yake. Ki bari sai da safe ya karya, ki ce masa kin san yana fama, kin ga ƙoƙarinsa, amma yaran sun fara tsoronsa. Ku yi yarjejeniya: da zarar ya ji ƙirjinsa ya ɗau zafi, ya tashi ya fita, ya yi alwala ko ya zaga layi, ya ja numfashi a hankali yana sakinsa a hankali, ba mai bin sa da magana. Zafin yakan sauka cikin mintoci idan ba a hura shi ba. Shi kuma ya kira yaron ya rarrashe shi da kansa, girmansa ba zai zube ba. Manyan yaran ki gaya musu daidai hankalinsu: Baba ba shi da lafiya, yana shan magani, ba laifinku ba ne. Idan kuwa ta kai ga ɗaga hannu a kanki ko a kansu, ki kwashe su ku tafi gida, waliyyinki ya sani. Jinyarsa ba ta bukatar ki zama abin duka.

Ke ma shekara 14 kina ko-ta-kwana, kina sauraren takun ƙafarsa a zaure don ki gane a wane hali ya dawo. Jikinki bai fi nasa ƙarfe ba. Tunda asiri ya riga ya fita ta wajen danginsa, ki samu mutum ɗaya a naki ɓangaren, mahaifiyarki ko yayarki mai riƙe magana. Ki sa a auna miki hawan jini ranar da kuka je.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ku yi maganar komawa tun yanzu. Ya yi azumi biyu bai sha ba, me ya mayar da shi bayan sallah? Su wa ya haɗu da su, a ina, ranar albashi ce ko ranar da aka ɓata masa rai? Shi ya san amsar. Hanyar da ke bi ta gaban mashayar ya canza ta, lambobin abokan shan su fita daga waya, ranar albashi ya dawo gida kai tsaye. Idan ya zame dare ɗaya, washegari a koma asibiti, ba a ce rantsuwa ta karye shi ke nan a ci gaba ba. Kaffarar rantsuwa malamai sun san ta. Idan kuwa ya koma sha kullum na kwanaki, kada ki zubar da kwalaben ki kulle shi a ɗaki. Yankewa ta huɗu a gadon asibiti za a yi ta.

Yaushe zai dawo daidai? Hawan jini yakan fara sauka cikin makonni. Fushi da gigita sukan lafa cikin watanni, ba a miƙe ba, sati mai kyau biyu sai mara kyau ɗaya. Barci ne ke zuwa ƙarshe, wani sai ya haura wata shida, wani shekara. Saboda sauyin a hankali yake zuwa, wanda ke cikin gidan ba ya ganinsa. Akwai matar wani direban babbar mota da na sa ta sayi littafin rubutu na 'yan firamare, kullum ta rubuta awa nawa ya yi barci da sau nawa aka yi faɗa. A wata na uku ta zo tana kuka wai ba abin da ya canza. Muka buɗe littafin tare: satin farko awa biyu, uku, biyu, satin da muke ciki biyar, huɗu, biyar da rabi. Can a wata na biyar na ga ta rubuta da jan biro, "Yau sai da na tashe shi sallar asuba." Ki sayi irin littafin nan yau, ki fara daga daren jiya.

Ranar zuwa asibiti ku fita da sassafe saboda layin kati, ya karya kafin ku tafi sai dai idan an ce za a ɗebi jini da yunwa. Kwalin ƙwayar ki sa shi a jakarki tun da dare, kada ki bar masa shi ya ɗauko.